Jami'ar Ahmadu Bello Ta Zariya

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in ɗan yi muku bayani game da Jami'ar Ahmadu Bello, wadda da yawa daga cikinmu ke burin shiga in Allah ya yarda.

Lokacin da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, Jihar Arewa ba ta da jami'a ko ɗaya, ga kuma ƙarancin likitoci da injiniyoyi da ma'aikatan mulki. Wannan ne ya sa Gwamnatin Arewa, a ƙarƙashin Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta buɗe wannan jami'a ran 4 ga Oktoba, 1962, da ɗalibai 426. An harhaɗa ta ne daga makarantun da ke akwai, kamar Kwalejin Fasaha ta Samaru, da Makarantar Koyon Aikin Mulki ta Kongo, da Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, wadda ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Dokta Ishaya Audu ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabance ta, daga 1966 zuwa 1975, shekarar da Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta.

Ta fannin karatu, ana koyar da aikin likita, da shari'a, da injiniya, da aikin gona, har da harshen Hausa. Amfaninta bai tsaya cikin aji ba. Iyayenmu manoma sun san irin masara na SAMMAZ da na gyaɗa na SAMNUT. To, a cibiyar binciken aikin gona ta Samaru aka samar da su. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ma a nan ya yi karatu.

Wajen wasanni kuwa, ɗalibanta suna shiga gasar jami'o'in Nijeriya, wato NUGA. Zariya ta yi suna a ƙwallon kwando saboda wani mai horarwa ɗan Amurka, Oliver Johnson. Cikin yaran garin da ya koya wa wasan akwai Masai Ujiri, wanda ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019.

A ganina, magabata sun yi nasu, saura namu. Masu neman shiga suna da yawa, gurbi kuwa kaɗan ne, sai wanda ya ci jarrabawa sosai. Saboda haka mu dage da karatu tun yanzu, don da sanyin safiya ake kama fara. Iyaye kuma a taimaka a bar 'yan'uwanmu mata su ci gaba da karatu. Allah ya ba mu sa'a, amin.