Kebul Mai Tsadar Mota: Me Kunne Ke Ji Idan An Rufe Ido?

Duk wanda ya taɓa haɗa kayan sauti a gida ya san 'yar wayar nan mai baki biyu, ja da fari, wadda ke ɗauko sauti daga na'urar faifai ta kai shi amfilifaya. Kamfanin RCA na Amurka ne ya fito da irin wannan baki tun wajajen 1940, kuma har yau da sunan kamfanin ake kiran sa. Galibi kyauta ake samun ta a cikin kwalin na'ura. Amma a shagunan masu tsananin son sauti na Amurka da Turai da Japan, ana sayar da 'yar'uwarta mai tsawon mita 1 a kan dala 1,000, wata ma ta haura dala 10,000. Masu ita suna cewa tana fito da muryar mawaƙi tas, tana raba kowane kayan kiɗa da ɗan'uwansa, har mutum ya ji kamar makaɗan suna gabansa.

Wannan kasuwa ba ta daɗe ba. A 1979 ne wani injiniya mai suna Noel Lee ya kafa kamfanin Monster Cable a San Faransisko, ya soma shawo kan masu shaguna cewa waya ma kaya ce mai daraja. Kafin nan mutane kan yi amfani da duk wadda ta zo hannu. Daga baya kamfanoni irin su AudioQuest da Nordost suka ɗaga farashi sama. Masu saye kuwa ba wawaye ba ne. Da yawansu sun shafe shekaru suna sauraro da natsuwa, kuma idan suka ce sun ji bambanci, ba ƙarya suke yi ba. Abin tambaya shi ne: daga kebul ɗin bambancin ya fito, ko daga wani wuri?

A fara duba aikin da aka ɗora masa. Wutar da ke bin wannan waya ƙarama ce ƙwarai, ba ta cika wuce bolt 2 ba daga na'urar CD. Ƙofar amfilifaya da ke karɓar ta tana da turjiya daga om 10,000 zuwa 47,000, ita kuwa wayar jan ƙarfe mai mita 1 turjiyarta ba ta kai om 1 ba. Gaskiya ne azurfa ta fi jan ƙarfe saurin wuce da lantarki da kamar kashi 5 zuwa 6 cikin 100. To amma rage kashi 6 daga abin da bai kai om 1 ba, a gaban om 10,000, tamkar kwashe cokalin ruwa ne daga madatsar Tiga. Zinaren da ake shafa wa bakin filogi kuma bai kai jan ƙarfe wuce da wuta ba. Amfaninsa shi ne ba ya tsatsa, wanda ba ƙaramin abu ba ne a wurin da ke da laima lokacin damina da ƙura lokacin hunturu.

Akwai wata sifa da ta fi turjiya muhimmanci. Kowane kebul yana riƙe ɗan caji tsakanin zaren cikinsa da rigarsa, kuma idan riƙon ya yi yawa yana dusar da siririn amo. A kebul na yau da kullum abin bai wuce kamar pikofarad 100 a kowace mita ba. Idan aka yi lissafi da na'ura mai turjiyar fita ta om 1,000, dusashewar takan yi ƙarfi ne a sama da hatz miliyan 1.5. Kunnen ɗan Adam kuwa iyakarsa hatz 20,000, shi ma a ƙuruciya, domin yana raguwa da shekaru.

Kada a ɗauka ina cewa duk kebul ɗaya ne. Araha ba ta ado. Ka sa reza ka fere rigar kebul mai arha na bakin titi, za ka tarar da 'yan zarurruka ba su kai a ƙirga ba a zagaye da zaren tsakiya, wani lokaci ma ka kankare su ka ga fari a ciki, alamar alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Ka fere mai kyau, za ka ga saƙa mai kauri ta rufe shi ruf. Wannan saƙa ita ce garkuwar da ke tare hayaniyar waje. Duk wanda ya taɓa jin lasifikar masallaci ko ta wurin taro ta yi "dit-dit-dit" gab da shigowar kira a wayar salula, ya ji abin da ke faruwa idan igiyar rediyo ta kutsa cikin kayan sauti. Haka ma ƙugin nan mai kauri da ke fita ko ba a kunna komai ba: wutar gidajenmu ce mai juyawa sau 50 a daƙiƙa ke shiga hanyar sauti, ko dai saboda raunin garkuwa, ko saboda na'urori biyu da aka jona a soket daban-daban. Shi ya sa gidajen rediyo da situdiyo ke amfani da kebul mai ƙafa uku, wato XLR, wanda ke ɗauke da sautin a zare biyu, na'urar karɓa ta soke hayaniyar da ta shiga su duka. Masu garmaho ma suna da dalilin kula, domin wutar da allura ke fitarwa 'yar mitsitsiya ce, kuma yawan riƙon caji yana sauya amonta a fili. Duk waɗannan bambance-bambance na gaske ne, ana auna su, ana kuma jin su. Amma kebul mai matsakaicin farashi yana magance su.

Wani abin lura: waƙar da ake saurare da kebul na dala 10,000 ta riga ta bi ta ɗaruruwan mitoci na wayar aiki a situdiyo, irin ta Belden ko Mogami ko Canare, wadda ake saye a naɗe a kan daloli kaɗan kowace mita.

To daga ina bambancin da mutane ke rantsuwa sun ji? A 1994 Floyd Toole da Sean Olive, masu bincike a kamfanin Harman, sun sa ma'aikata 40 su saurari wasu lasifikoki, sau ɗaya suna ganin su, sau ɗaya a bayan labule. Da suna gani, manyan masu tsada da ƙyalli suka samu maki mai yawa. Da aka saki labule sai tazarar ta ragu. Har ƙwararrun cikinsu ba su tsira ba. Lasifika ke nan, wadda bambancinta ke da girma, ina ga kebul? Ƙwaƙwalwa tana haɗa abin da ido ya gani da abin da aljihu ya biya, ta miƙa wa mutum a matsayin ji. Ga kuma wasu abubuwa biyu. Ƙara murya ko da kaɗan yana sa sauti ya zama kamar ya fi kyau. Sannan ainihin amon da aka ji ba ya zama a kai fiye da 'yan daƙiƙoƙi, alhali sauya kebul yana cin minti guda ko fiye. Wani lokacin ma cirewa da mayarwa kawai ke goge dattin baki, sai a ba sabon kebul ladan da ba nasa ba.

Saboda haka ne David Clark ya bayyana gwajin da ake kira ABX a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti a 1982. Za a ba ka A, a ba ka B, sannan a ba ka X wanda ɗayansu ne, ba kai ba, ba mai gwajin ba, babu wanda ya san wanne ne. A 2007 wani mai suna James Randi ya yi tayin dala miliyan 1 ga wanda zai tabbatar a irin wannan makahon gwaji cewa wayar lasifika ta Pear Anjou, mai dala 7,250, ta fi ta Monster. An yi ta ja-in-ja a kan sharuɗɗa, gwajin bai gudana ba. A ganina wannan abin takaici ne, domin mai kaya ne ya fi kowa buƙatar hujja.

Kowa na iya yin nasa a gida. Ka zaɓi ɗan yanki na waƙar da ka sani sarai, kamar daƙiƙa 20. Ka sa wani ya jefa kwabo ya rubuta sakamako, ya kashe amfilifaya, ya cire kebul ya jona wanda kwabo ya nuna, ko da shi ne ke jiki tun farko. Ya rufe bayan na'ura da mayafi, ya fita kafin ka shigo, don kada fuskarsa ta ba ka amsa. Kada kowa ya taɓa maɓallin murya. Ka saurara, ka faɗi wane kebul ne ke jiki. Ku yi sau 16. Idan ka ci 12 ko fiye, yiwuwar sa'a ce kawai bai kai kashi 4 cikin 100 ba, ke nan akwai abin dubawa. Idan ka tsaya a 8 ko 9, canki-canka ka yi.

Mai karatu, in za ka saya, nemi kebul gajere daidai buƙata, mai cikakkiyar garkuwa ta jan ƙarfe, mai baki da ke kama soket gam, kuma ka nisanta shi da wayar wuta da caja. Sauran kuɗin ka kai su ga lasifika mai kyau, ka janye ta daga lungu, ka shimfiɗa darduma, ka rataya labule mai kauri a ɗakin da ke amsa kuwwa. Idan mai shago ya ce nasa ya fi, roƙe shi ya ba ka aro ka gwada a gida ba tare da kana gani ba, kafin ka biya ko sisi.