Daga Ganɗoki Zuwa Karnukan Soja: Abin da Ke Taɓa Zuciyar Mai Karatu

Ƙagaggen labarin jarumtaka da aka gina a kan tarihi ya daɗe a hannun mai karatun Hausa. Cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, biyu sun jingina da abubuwan da suka faru da gaske: Ganɗoki na Malam Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A makarantun Gusau da Tsafe da Bunguɗu, kamar sauran ƙasar Hausa, ta bakin waɗannan biyu ɗalibai da yawa suka fara jin ɗanɗanon zamanin da ya gabaci mulkin Turawa, tun kafin malamin tarihi ya shigo da shekaru da sunayen sarakuna.

Ganɗoki ya fi saurin kama yaro. Jarumin yana cikin mayaƙan Sarkin Sudan na Kwantagora lokacin da sojojin Lugga suka ci garin a 1901, ya kuma bi sahun Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas, tafiyar da ta ƙare da yaƙin Burmi a 1903. Kirari yake yi, takobi yake zarewa, kuma ko bindiga mai ruwa ba ta sa ya ja da baya. Daga nan labarin ya saki tarihi ya shiga ƙasar aljannu, inda shi da ɗansa Garba Gagare suke ta cin nasara ba iyaka. A nan ne masu karatu suke rabuwa. Yaro ya fi son kashi na biyu, don can ne ba a kayar da gwaninsa. Babba kuwa, in ya sake ɗaukar littafin, yakan ga cewa marubucin ya kai jaruminsa wajen aljannu ne domin a duniyar mutane an riga an sha kashi. Malami ne mai aiki ƙarƙashin gwamnatin da ta ci yaƙin, sai ya nema wa waɗanda aka ci wata hanyar ɗaga kai.

Shaihu Umar ba shi da wannan zafi. Yaro ne aka sace, ya bi ayari ya ƙetare Sahara a hannun Balarabe Abdulkarim, uwarsa kuma ta fita nemansa ta faɗa cikin bauta. Abin da ke zama a ran mai karatu shi ne wahalar uwar, wadda ba ta sake ganin ɗanta ba sai ajali ya kusa. Adamu Halilu ya mai da labarin fim a 1976.

Ƙasar Zamfara cike take da irin wannan kaya. Ga 'Yandoto kusa da Tsafe, tsohon garin malamai da rundunar Muhammadu Bello ta ci a farkon jihadi. Ga Malam Sambo Ɗan Ashafa da kafuwar Gusau. Ga dutsen Kwatarkwashi da tarihin mazaunansa. Amma littattafan yaƙi da matasa suka fi saye a kasuwa, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, sun fi son ƙasashen da babu su a taswira, masu matsafa da sadaukai. Akwai kuma wani abu da ba a iya kauce masa. Wanda ya kwana yana jin ƙarar bindiga a ƙauyensa, ko ya tara kuɗin fansar ɗan'uwa, ba zai karanta sace Umar da idon da ɗalibin shekarun 1970 ya karanta shi ba. Abin da dā tarihi ne ya koma labarin makwabta.

Wani nau'in rubutun yaƙi da ya yi ƙarfi a Amurka da Ingila shi ne tarihin karnukan soja, wanda galibi sojan da ya riƙe karen ke rubutawa. William Putney, likitan dabbobi a rundunar Amurka, ya fitar da Always Faithful a 2001, a kan karnukan da suka yi yaƙin tsibirin Guwam a 1944, inda 25 daga cikinsu suka mutu. Will Chesney ya rubuta No Ordinary Dog a 2020, a kan Cairo, karen da aka tafi da shi farmakin da aka kashe Usama bin Ladan a 2011. Aikin waɗannan karnuka sananne ne: shinshino nakiya, gano ɗan kwanton ɓauna, gadin sansani da dare. Kare yana gaba, igiya a hannun soja, sauran runduna na biye. In ya tsaya ya ɗaga kunne, kowa ya tsaya.

Bahaushe yakan shiga irin wannan littafi da ɗan ja da baya. Sojan da ke kwana shimfiɗa ɗaya da kare, yana kuka ranar da ya mutu, abin yakan yi masa banbaraƙwai, don a gidan Bahaushe wurin kare waje ne. Sai dai tazarar ba ta kai yadda ake zato ba. Hadisi ya halatta riƙon kare don farauta da kiwo da gadin gona, mazhabar Malikiyya ba ta ɗauki jikin kare mai rai najasa ba, kuma kowane almajiri ya san karen Ashabul Kahfi. Mafaraucin da ke fita daji da rani ya san wane ne cikin karnukansa ke jin ƙanshin zomo tun daga nesa, wane ne kuma ba ya gudu in an yi arba da gyado. Shi ba sai an yi masa dogon bayani a kan hawayen sojan ba.

Bambancin da ke tsakanin nau'o'in biyu yana wajen wanda ke magana. Ganɗoki shi ke ba da labarin kansa, shi ke yi wa kansa kirari, mai karatu yana jin daɗi amma ya san akwai ƙarin gishiri. Kare ba ya kirari, bai san tutar da yake yi wa aiki ba, bai kuma zaɓi yaƙin ba. Shi ya sa sojan da ba zai iya cewa ya ji tsoro ba yakan faɗi hakan ta hanyar bayyana yadda karensa ya yi rawar jiki. Raunin waɗannan littattafai kuwa a fili yake: tausayi duk ya tattara a kan dabbar, mutanen Iraƙi ko Afganistan da aka shiga gidajensu da ita da tsakar dare ba su da ko suna. Mai karatu Musulmi yakan lura da wannan tun shafukan farko.

Wurin da ra'ayi ya fi haɗuwa shi ne batun cin amana. Amurka ta yi amfani da karnuka kusan 4,000 a yaƙin Biyetnam, waɗanda suka koma gida ba su wuce kimanin 200 ba. Sauran an bar su can ko an kashe su, don a takarda kayan aiki ne. Sai a 2000 aka yi dokar da ta ba da damar a riƙe karen soja bayan ya gama aiki. Saɓanin haka, akwai Judy, karyar sojan ruwan Ingila da Japanawa suka tsare a Sumatara tare da fursunoni a Yaƙin Duniya na Biyu, ta sami lambar Dickin ta jarumtakar dabbobi a 1946, ta bi ubangidanta Frank Williams zuwa aikin noman gyaɗa a Tanganyika, ta mutu can a 1950.

A yaƙin da Judy ta sami lambarta, dubban 'yan Arewa sun yi faɗa a dajin Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma Hausa ce harshen bariki. Kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu labarinsu ya shiga littafi. Sanannen ƙagaggen labari a kansu, Burma Boy na Biyi Bandele, ɗan Kafanchan, wanda jaruminsa yaro ne mai suna Ali Banana, ya fito a 2007, kuma da Turanci aka rubuta shi.