Ciwon Damuwa Da Wanda Aka Ƙi A Neman Aure

Sau da yawa akan kawo mana ƙarar samari, har da magidanta, waɗanda aka ƙi su wajen neman aure, suka ƙaurace wa kasuwa ko ofis, suka daina cin abinci, sai dangi su ce sammu ne ko raunin imani. Mu dai a ganinmu akwai abin da ake tsallakewa, watau ciwon damuwa.

Wannan ciwo ba baƙo ba ne ga malaman Musulunci. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya raba baƙin ciki gida biyu: akwai mai sanannen dalili, kamar rashi ko hasara, akwai kuma mai saukowa haka kawai, tushensa a jiki, yana bukatar magani. Likitocin yau kuwa suna ƙirga shi ciwo in ƙunci ya danne mutum kusan kullum har mako biyu, barci da abinci suka rikice, kome ya fita ransa.

Ta'adinsa shi ne yakan nuna wa mutum ƙi inda babu ƙi. In yarinya ta jinkirta fitowa zance, ko waliyyinta ya nemi lokacin bincike, alhali hakkinsa ne, sai mai ciwon ya yanke cewa an raina shi. Ko dai ya ɗauke ƙafa, ko ya ishe ta da tambayar ko tana son sa, har ta gaji, abin da yake tsoro ya tabbata ta hannunsa. Mata ma ba su tsira ba.

To, in ƙin na gaske ne fa? Buhari ya ruwaito yadda Mugisu ya riƙa bin Barira yana kuka, hawaye na zuba a gemunsa, bayan an 'yanta ta ta zaɓi rabuwa da shi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa baki. Da ta ji cewa ceto ne ba umurni ba, sai ta ƙi komawa. A ruwayar ba a tilasta ta ba, ba a kuma zargi Mugisu da kukansa ba.

Lafiyayye zafin yakan ragu masa da kwanaki. Mai ciwon kuwa daga "ta ƙi ni" sai ya wuce zuwa "ba ni da amfani a duniya". Irin wannan ba gaggauta nemo masa wata ce maganinsa ba. A haɗa masa addu'a da likita; akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato. In ya fara zancen mutuwa ta fi masa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar.