Tamale: Layin keke na nan, amma yalo-yalo ta karɓe gari

Baƙon da ya shigo Tamale daga Akra ko Kumasi, abin da ya fi saurin jan hankalinsa shi ne layin da aka ware wa masu keke da babur a gefen manyan tituna. Garin a shimfiɗe yake, ba hawa ba gangara, shi ya sa keke ya daɗe yana da daraja a nan, maza da mata kowa na hawa. Amma yau in ka tsaya bakin titi a Changli da ƙarfe bakwai na safe, yalo-yalo za ka gani jere, wato abin da mutanen Kano ke kira A Daidaita Sahu, sai babura, sai motokin mai dakon kaya. Keken kuwa ya koma na ɗalibai da dattawa.

Ba na zargin kowa da gudun keke. Layin nasa masu talla sun baza kaya a kai, masu yalo-yalo sun mai da shi tasha, wani wurin ma makanike ne ke kwance inji. Mai keke dole ya fito tsakiyar titi ya yi gogayya da tirela. Wane uba ne zai saki 'yarsa ta shiga wannan? Iyayen ɗalibaina da dama gara su biya kuɗin yalo-yalo kullum, in babu kuɗin kuma yaro ya taka a ƙasa, ya iso aji bayan an gama darasin farko.

Masana tsara birane suna da wani tunani da suke kira haɗakar sufuri. Ma'anarsa mai sauƙi ce: tafiyar ƙafa, keke, keke-napep da bas su zama tsari guda, kowanne ya miƙa fasinja ga ɗan'uwansa, a biya kuɗi ta hanya ɗaya. A Helsinki ta ƙasar Finlan an gwada shi da manhajar waya mai suna Whim, inda mutum zai biya kuɗin wata ya hau bas, jirgin ƙasa, tasi ko keken haya. Duniya ta yi ta yabo, amma kamfanin ya durƙushe a 2024. Can fa bas da jirgin suna zuwa a kan lokaci. Mu nan ko bas ɗin cikin gari da za a dogara da shi babu.

Saboda haka in na ji ana cewa manhaja ce za ta gyara mana sufuri, sai in yi murmushi. Ɓangaren biyan kuɗi shi ne ma wanda muka fi sauƙi a kai: MTN ta kawo momo tun 2009, kuma daga 2018 ana iya tura kuɗi tsakanin layuka daban-daban. Mai koko ma tana karɓar momo. Abin da ya rage aikin ƙasa ne. Akra ta ɗanɗana wannan da bas ɗin Aayalolo da aka fara a 2016. An kawo motoci masu kyau da katin biya, amma da yake ba su samu layin kansu a yawancin hanyar ba, sai suka maƙale a cunkoso ɗaya da trotro.

Gadar sama da aka buɗe a tsakiyar Tamale a watan Maris na 2022, ta farko a arewacin Gana, ta sauƙaƙa wa motocin da ke ratsa gari. Wannan gaskiya ne. To amma mu da muke ƙasanta, a ƙafa ko a keke, lissafinmu bai canja sosai ba.

A ganina, abin da hukumar birni za ta fara da shi ba ya buƙatar bashin ƙasar waje. A kwashe kaya daga layin keke, a ba masu tallar wani wuri na gaskiya, ba kora kawai ba. A sa manyan bas a doguwar hanya, kamar titin Bolga da titin asibitin koyarwa, da lokacin tashi sananne. Yalo-yalo kuma ta riƙa kwaso mutane daga lungunan Changli da sauran unguwanni zuwa inda bas ke tsayawa. A kasuwar Aboabo da babbar kasuwa a yi rumfar ajiye keke mai mai gadi, don tsoron sata na cikin abin da ke sa mutane barin keke a gida.

Wurin da maganar ta fi wuya shi ne samarin da ke tuƙin yalo-yalo. A shekarar 2012 dokar hanya ta hana ɗaukar fasinja da babur ko mai ƙafa uku don kuɗi, amma sana'ar ta ci gaba a gaban kowa, saboda ita ke ciyar da gidaje. Da yawansu ba su mallaki abin hawan ba, biya suke yi wa mai shi kullum ko mako-mako har su gama. Wasu tsofaffin ɗalibaina na cikinsu. In aka kawo bas aka karɓe musu doguwar hanya ba tare da an zauna da ƙungiyoyinsu an yi lissafin abin da zai rage musu a aljihu ba, za su ci gaba da ɗaukar fasinja a gaban bas ɗin, kuma fasinjan zai hau, don su ne ke kai shi har ƙofar gida.