Asid ɗin Gulukonik: Tsamin da Ke Fitowa Daga Sukari

Duk wanda ya taɓa lasar zuma ya ɗanɗani asid ɗin gulukonik, ko da bai san sunansa ba. Zaƙi ne ke rufe tsamin zuma, amma in aka auna ta da ma'aunin tsami na pH, za a tarar tana kusa da 4, kuma mafi yawan tsamin daga wannan asid yake fitowa. Ƙudan zuma yakan zuba wani sinadari mai gaggauta aiki, wanda masana ke kira enzayim, a cikin ruwan furen da ya tsotso. Enzayim ɗin ne ke haɗa sukarin gulukos da iskar oksijin, sai sukarin ya rikiɗe ya zama asid.

Masana ilmin harhaɗa sinadarai biyu, Hlasiwetz da Habermann, su ne suka fara gano wannan asid a shekarar 1870. A 1928 kuma Detlev Müller na ƙasar Denmak ya gano enzayim ɗin da ke samar da shi a jikin wata fumfuna mai suna Aspergillus niger. Har yanzu da wannan fumfuna masana'antu ke aiki: a zuba ta cikin manyan tankuna na ruwan gulukos, a riƙa hura musu iska har sukarin ya juye.

Abin da ya sa masu bincike ke ji da wannan asid shi ne sanyin halinsa. Ba ya ƙuna, ba ya cin kayan aiki kamar sauran asid masu ƙarfi. Idan aka janye masa ruwa, yakan zama farin gari da ake kira GDL a taƙaice, wanda a farkon ɗanɗano ma ɗan zaƙi gare shi. Sai an jiƙa garin ne yake komawa asid, kuma a hankali yake komawa, ba farat ɗaya ba.

Amfanin wannan jinkiri ya fi bayyana a binciken madara. Mai son ya fahimci yadda madara ke daskarewa ta zama kindirmo yana da matsala. In ya bar wa ƙwayoyin bakteriya aikin, kamar yadda ake yi a ruga, to su rayayyu ne, aikinsu na yau ba lalle ya yi daidai da na gobe ba. In kuwa ya tsiyaya asid mai ƙarfi, inda ɗigon ya faɗa nan ne zai dunƙule, sauran madarar ta tsinke. Garin GDL ya raba wannan gardama. Ana dama shi ya game madarar tun bai yi tsami ba, sannan tsamin ya riƙa tasowa ko'ina bai ɗaya, ma'aunin ya sauko daga wajen 6.7 zuwa 4.6, inda furotin ɗin madara ke kamewa. Ta haka mai bincike zai iya maimaita gwaji ɗaya sau da yawa, ya canza zafi ko yawan maiƙo kaɗai, ya ga bambancin. Sai dai abin da ya samu ba kindirmo ba ne na sosai, domin babu ƙanshin da bakteriya ke bayarwa, kuma kaurinsa kan ɗan bambanta. Wanda ya manta da wannan zai yi wa sakamakonsa gurguwar fassara.

Dabarar ta shiga kasuwa. A Japan ana zuba GDL a madarar waken soya mai sanyi, a rufe ta cikin mazubi, sannan a ɗumama, sai ta daskare sumul a ciki. Wannan 'yar'uwar awara ce, illa dai mai awara da ruwan tsami take haɗa tata, shi ya sa takan fito da gudaji sai an matse.

A fannin nazarin sinadaran jiki, samuwar asid ɗin ita kanta ma'auni ce. Duk lokacin da enzayim ɗin nan ya juya gulukos, yakan cinye oksijin, ya kuma fitar da sinadarin haidirojin feroksaid, kuma ana iya auna kowannensu. A 1962 Leland Clark da Champ Lyons suka bayyana na'urar da ke auna sukari ta wannan hanya a Amurka, kuma daga nan ne ƙananan na'urorin da masu ciwon sukari ke ɗiga wa jini suka samo asali.

Masu nazarin ƙwayoyin jijiya su ma suna cika siririyar kwalbar da suke manna wa ƙwayar halitta da gishirin wannan asid mai ɗauke da fotashiyam. Dalili shi ne ƙwayar gulukonet tana da girma, ba ta iya bi ta ƙananan ƙofofin da kuloraid ke ratsawa a fatar ƙwayar halitta, saboda haka ba ta dagula wutar lantarkin da ake son aunawa.