Makaho Da Kwamfuta A Bakin Iyakar Jibiya

Harkar bakin iyaka harkar takarda ce, kuma takarda a yau cikin kwamfuta take. Daga Magamar Jibiya zuwa Ɗan Isa ta ɓangaren Nijar, a kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi, lissafin kaya da takardun kwastan da rasidin kuɗi a na'ura ake shirya yawancinsu. Wannan aiki na zaune ne, ba ya buƙatar ɗaukar buhu ko bin mota a guje. Amma a tashoshi da kasuwanninmu, makaho da gurgu sun fi yawa a layin bara fiye da bakin teburin rubutu. Ina ganin babban dalili shi ne rashin sanin cewa kwamfutar da ke shagunan buga takardu ta riga ta zo da kayan da za su ba su damar yin aikin, ba tare da an ƙara ko kwabo ba.

A Windows akwai Narrator, wanda ke karanta wa makaho abin da ke kan allo da murya, da Magnifier mai ƙara girman rubutu ga mai raunin gani. Mai hannu ɗaya kuwa, idan ya danna Shift sau 5, Sticky Keys zai ba shi damar danna maɓallai ɗaya bayan ɗaya maimakon haɗa su lokaci guda. Wayoyin Android suna da TalkBack, iPhone kuma tana da VoiceOver tun 2009. Wanda ke son abin da ya fi Narrator ƙarfi zai iya sauke NVDA kyauta, manhajar da wasu makafi 2 'yan Ostireliya suka gina, aka fara ta a 2006. Doka ma tana gefen masu buƙata ta musamman: wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta haramta nuna musu wariya, ta kuma ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Sai dai gurbi ba ya amfanar wanda ba a koya wa aikin ba.

Wani zai ce Jibiya na da damuwar da ta fi wannan: 'yan bindiga sun addabi ƙauyukanta, wuta ba ta tsayawa, kuma rufe iyaka daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024 ya durƙusar da kasuwanci. Duk gaskiya ne. Amma idan kasuwa ta mutu, mai dogaro da sadaka ne ke fara kwana da yunwa, domin mai bayarwa ma hannunsa ya bushe. Kuma janaretan da ke kunna kwamfuta ga mai gani, shi ne zai kunna ta ga makaho, babu ƙarin mai.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na harshe. Muryoyin Narrator an gina su ne don harsuna irin su Turanci da Faransanci, shi ya sa suke hargitsa Hausa, musamman haruffan ɓ da ɗ da ƙ. Wannan giɓi ne da ya kamata jami'o'inmu su cike. To amma takardun iyaka da Turanci ake rubuta su a nan, da Faransanci a can, kuma na'urar tana karanta duka biyun. Abin da ya fi hana ta aiki al'adar ofisoshinmu ce ta ɗaukar hoton takarda a tura ta WhatsApp, domin ga mai karanta allo, hoto kamar farar takarda yake, sai an bi ta wata manhajar da ke zaƙulo rubutu. Tura ainihin rubutun bai fi tura hotonsa wahala ba.

Hanyar isa ga mutanen nan tana nan tun kaka da kakanni. Masarautunmu suna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, Katsina na da makarantar makafi, Malumfashi na da ta kurame. Ya kamata ƙaramar hukumar Jibiya ta haɗa waɗannan shugabanni da masu shagunan kwamfuta, a koya wa malaman shagon kunna waɗannan kayan, su kuma su karɓi ɗalibi ɗaya ko biyu. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi ta Jibiya zai ratsa, kuma zai zo da sababbin teburan rubutu. Wanda za a zaunar a kansu gobe, yau ne ya kamata a fara koya masa.