Me ya sa ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a kan yi kuskure?

A duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, kafofin watsa labarai kan cika da sakamakon ƙuri'un jin ra'ayin jama'a, inda kowane ɗan takara ke rungumar wanda ya nuna shi ne a kan gaba.

To sai dai masana wannan fanni sun daɗe suna gargaɗin cewa sahihancin irin wannan ƙuri'a ya fi dogara ne a kan yadda aka zaɓo mutanen da aka tambaya, fiye da yawansu.

Darasin 1936

Misalin da aka fi bayarwa shi ne na zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1936, wanda aka fafata tsakanin Shugaba Franklin Roosevelt da gwamnan jihar Kansas, Alf Landon.

Mujallar Literary Digest, wadda hasashenta ya yi daidai a zaɓukan da aka yi daga 1920 zuwa 1932, ta aike da takardun tambaya kimanin miliyan 10, aka kuma mayar mata da kusan miliyan 2 da dubu 400.

Bisa waɗannan amsoshi, mujallar ta ce Mista Landon zai yi nasara da kashi 57 cikin ɗari.

Da aka kaɗa ƙuri'a, Shugaba Roosevelt ya samu kusan kashi 61 cikin ɗari, ya kuma lashe jihohi 46 daga cikin 48.

Abubuwa biyu ne suka jawo wannan kuskure.

Na farko, mujallar ta samo sunayen ne daga kundin masu wayar tarho, da rajistar masu motoci, da kuma jerin masu sayenta. A wancan lokaci na matsin tattalin arziki, galibin waɗannan masu hali ne, alhali talakawa sun fi karkata ga Mista Roosevelt.

Na biyu, mutum ɗaya ne kawai cikin huɗu ya mayar da takardarsa, kuma bincike ya nuna daga baya cewa masu adawa da gwamnati sun fi zaƙuwa su ba da amsa.

A shekarar ce kuma George Gallup, wanda ya tambayi mutane kimanin dubu 50, ya yi hasashen nasarar Mista Roosevelt. A 1938 mujallar ta daina fitowa.

Zaɓen kan mai uwa da wabi

Shi ma Mista Gallup ya gamu da nasa cikas a 1948, lokacin da ya ce Thomas Dewey zai kayar da Shugaba Harry Truman, amma Mista Truman ya ci zaɓen.

A lokacin ana gaya wa ma'aikata adadin maza da mata da matasa da dattawan da za su tambaya, sai a bar musu zaɓin mutanen. Su kuwa sukan nufi waɗanda suka fi sauƙin samu. Haka kuma an daina tambayar jama'a makonni kafin ranar zaɓe.

Daga nan ne aka koma ga zaɓen mutane ta hanyar kan mai uwa da wabi, ta yadda kowa zai iya faɗawa cikin waɗanda za a tambaya.

Abin ya yi kama da mai sayen gero, wanda ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, sai ya ɗebo daga tsakiya da kuma ƙasa.

Idan aka zaɓo mutum 1,000 ta wannan hanya, sakamakon kan iya kauce wa ainihin ra'ayin jama'a da kimanin maki uku, sama ko ƙasa.

Ke nan idan ɗan takara ya samu kashi 48, abokin hamayyarsa kuma 46, ba za a ce ɗayansu na kan gaba ba.

Wannan lissafi bai haɗa da kuskuren da kan faru ba idan an bar wani rukuni na jama'a a baya, ko kuma an tsara tambayar yadda za ta ja mutum zuwa ga wata amsa.

A nahiyar Afirka

Matsalar da ta kayar da Literary Digest tana nan a ƙuri'un da ake yi ta intanet ko ta saƙon waya, domin sukan tsallake mazauna karkara da mata da waɗanda ba su iya karatu ba.

Cibiyar Afrobarometer, wadda aka kafa a 1999, tana gudanar da bincikenta a ƙasashen Afirka fiye da 30, ciki har da Najeriya da Ghana, ta hanyar tura ma'aikata su gana da mutane ido da ido, a harshen da mutum ya zaɓa.

Galibi takan tambayi mutum 1,200 ko 2,400 a kowace ƙasa, rabi maza rabi mata.

Saboda haka kafin a amince da sakamakon kowace ƙuri'a, ya kamata a san wanda ya ɗauki nauyinta, da yadda aka zaɓo mutanen, da yawan waɗanda suka ƙi amsawa, da ainihin tambayar da aka yi, da kuma ranar da aka yi ta.